Gaɓa da Inuwa: Yadda Ake Haɗa 'Yar Tsanar Kwamfuta

Wanda duk ya taɓa lissafa wahalar zane mai motsi, wato abin da yara ke kira katun, ba zai yi mamakin ƙago 'yar tsana ba, domin majigi yana cin hoto 24 a daƙiƙa guda, ko da kuwa mai zane ya yi tsimi ya bar kowane zane ya fito sau biyu, minti ɗaya tak zai ci masa zane 720. Babban kamfani yana da ma'aikatan da zai raba wa wannan nauyi, amma masoyin wani shiri, wanda ke raba dare a ɗakinsa ba don lada ba sai don ƙauna, bai sami wannan falala ba. Saboda haka sai ya zana gwaninsa sau ɗaya, kai daban, hannu daban, ƙafa daban, ya ɗaura kowace gaɓa a kan 'yar'uwarta cikin kwamfuta, ya riƙa juya su yadda ya so.

Hikimar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 13 Ibn Daniyal, likitan ido a Alƙahira, ya wallafa wasanni don 'yan tsanar inuwa, kuma a 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar da fim ɗin Yarima Ahmad, wanda ta ciro daga Dare Dubu da Ɗaya, da almakashi da kwali da siririyar waya. A zamaninmu kuwa, da sabon shirin My Little Pony ya fito a Amurka a 2010, masoyansa suka lura cewa da manhajar Flash aka yi shi, wadda su ma suna iya mallaka, sai suka shiga ƙera dawakinsa da hannunsu, har a 2013 wasunsu suka fitar da Double Rainboom, mai tsawon kusan rabin sa'a.

Sharaɗin farko na haɗa irin wannan 'yar tsana shi ne mai zane ya zana abin da ido ba zai gani ba. Ƙarshen damtse, inda ya shige ƙarƙashin kafaɗa, lalle ne a kewaye shi kamar ƙwai, a kafa ƙusar juyawa daidai tsakiyarsa, in ba haka ba ranar da aka ɗaga hannu sai ɓaraka ta bayyana. Haka kuma a zana kai ta gaba, da ta gefe, da ta tsakaninsu, a tanadi bakuna iri-iri, na rufe leɓe da na buɗewa.

Amma a ganina, inuwa ita ce mizanin da ake auna gwani da shi. Sabon shiga yakan shafa inuwa a jikin hannun 'yar tsanar, ta yi kyau matuƙar hannun na rataye. Da zarar an ɗaga shi sama, sai inuwar ta juya tare da shi ta fuskanci rana, alhali kuwa ko yaron da bai san ƙa'idar zane ba zai ji a ransa cewa an yi masa ƙarya. Ma'abota sana'ar sukan fara yanke shawarar inda haske ke fitowa, sa'an nan su ware wa inuwa falle nata na daban, su tsare ta cikin iyakar gaɓar don kada ta zubo waje, ta yadda gaɓa za ta juya, ita kuwa a gyara mata zama. Ba sa yin ta da baƙi, domin baƙi yana kashe launi ya bar shi kamar toka. Sukan ɗauki launin jikin su duhunta shi, su karkata shi zuwa shuɗi ko shunayya. Mafi yawa launi biyu ya wadatar, na haske da na inuwa, da iyaka mai kaifi a tsakani.

Akwai kuma ƙaramar inuwar nan ta ƙarƙashin haɓa, da wadda gashi ke jefawa a goshi, da ta ƙasan ƙafa, waɗanda na fi so a kula da su fiye da kowace, sabili da su ne ke manna yankakkun gaɓoɓi su zama jiki guda, su kuma sauke 'yar tsanar ta taka ƙasa.