Raƙam Waɗani: Kada Mu Bar Kowa A Bayan Ƙofa

A manyan biranen duniya an daɗe da rage ba kwandasta kuɗi a hannu. Mutanen Landan tun 2003 suke shiga bas da jirgin ƙasa da katin Oyster, su kuma mutanen Legas suna da nasu mai suna Cowry tun 2020. Mutum ya zuba kuɗi a kati, ya ɗora shi a kan na'ura, ta cire kuɗin mota. To, mu nan Sudan irin wannan sauyi ta ƙofar wahala ya shigo mana, ya kuwa iske gidajenmu da yawa ba shiri.

Bayan da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, bankuna da dama sun rufe, takardun kuɗi suka yi ƙaranci. Sai jama'a suka koma ga Bankak, manhajar Bankin Khartoum, har ta kai mai raksha da mai kanti su ce a tura ta waya a nuna musu ish'ar. A watan Disamban 2024 kuma aka fara canjin takardun jineh 500 da 1,000 a wasu jihohi, bisa sharaɗin mutum ya zuba tsofaffin a asusun banki. Shi kuwa asusu ba ya buɗuwa sai da shaidar ko kai wane ne, uwar shaidun kuwa ita ce lambar ƙasa, wato raƙam waɗani.

An soma ba da wannan lamba a 2011, a ofisoshin Sijil Madani da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Ana ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa, a adana a kwamfuta. Da ita ake yin fasfo da katin shaida, da ita ake rajistar layin waya, ana kuma neman ta wajen ɗalibin da zai zauna jarrabawar Shahada Sudaniyya.

A nan ne gizo yake saƙa. Kwamfuta ba ta san tarihi ba, abin da aka rubuta mata kawai ta sani. Ba ta san cewa Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya faɗi a Burmi a 1903, shi ya kafa garin Maiwurno a bakin wannan kogi ba. Ba ta san gumin da kakanninmu suka zuba a gonakin audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ba. Sau da yawa akan nemi mutum ya kawo shaida daga dangin uba mai takarda. Wanda uba da kaka suka rayu a kambo ba su taɓa riƙe jinsiyya ba, wa zai kawo?

Amma ya kamata mu sani cewa doka ta canza. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a nuna zaman mutum ko kakanninsa tun ƙarshen 1897, abin da ya toshe wa Hausawa da Fulani da yawa hanya. Dokar 1994 kuwa ta dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairun 1956. Ke nan mafi yawan gidajenmu haƙƙinsu ne, ba alfarma ba.

Wata matsalar ita ce takardun da suka salwanta. Rikicin Damazin da Rusairis na Yulin 2022, da na Wad al-Mahi a Oktoban 2022, da faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 da ta Sinja a 2024, duk sun kori mutane da tufafin jikinsu kawai. Wanda ya riga ya yi rajista ya riƙe lambarsa, neman madadi ya fi masa sauƙi ƙwarai bisa wanda bai taɓa yi ba.

Saboda haka ina kira ga magidanta: a yi wa jariri takardar haihuwa tun kafin a yaye shi. Kada a yi wa maza a bar mata, domin ranar gudu uwa ce take riƙe da yara. A rubuta suna huɗu iri ɗaya a kowace takarda, don Abubakar a nan, Habu a can, ya isa ya tsayar da yaro ranar jarrabawa. A kwafe lambar kowa a littafi, a aika wa ɗan'uwa da ke wani gari. Kada kuma a ba kowa lambar sirrin Bankak, ko da mai shagon waya ne.

Su ma hukumomi da sauran aiki a gabansu. A kawo tawagar rajista ƙauyuka da kanabi, a karɓi shaidar shehunan gari da umdodi. Kada kuma a rufe ƙofar biya da tsabar kuɗi, don mun ga yadda layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, mai kuɗi a asusu ya rasa na burodi.

Da sauran rana ake neman hanya. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.