Tsohon Kiɗa da Rubutun da Ke Rayar da Shi

Kiɗan gargajiya na Hausa, irin na kalangu da kotso da taushi, ya daɗe yana tafiya daga baki zuwa kunne kafin na'ura ta fara ɗaukarsa. Makaɗin fada yakan gaji sana'ar a gida, yaro ya fara da ɗaukar ganga, ya shiga 'yan amshi, wata rana ya ja waƙa. Da faifan garmaho ya shigo, rediyo ya biyo baya, sai muryoyin da a da sai a ƙofar fada ko gidan biki ake jin su suka shiga kowane zaure. Kaduna na da babban rabo a nan. Gidan rediyon da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962, wanda ya koma hannun Tarayya a 1978, shi ya riƙa watsa waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata a gajeren zango, ana ji har Nijar da Kamaru da Gana.

Manyan sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a watan Yunin 1999, Barmani Coge mai amada a 2013, sai Ɗanmaraya Jos mai kuntigi a 2015. Kafin nan fiyano ya riga ya ƙwace kasuwa, don finafinan Hausa sun zo da waƙar nanaye, wadda mutum ɗaya kan haɗa kiɗanta a situdiyo ba tare da ya nemi mai ganga ba.

Duk da haka masu sauraro ba su ƙare ba. A Rigasa, unguwar nan ta Kaduna mai tarin jama'a da ke ƙaramar hukumar Igabi, inda jirgin ƙasan Abuja ke sauke fasinja tun 2016, ana jin Shata a teburin mai shayi da cikin Keke Napep. Sai dai hanyar da waƙar ke isowa ita ce abin dubawa. Mutum ya kai waya rumfar masu turi, a cika masa memori, ya koma gida da waƙoƙin da ba suna sai lamba. Ba shekarar da aka ɗauke su, ba sunan wanda ya riƙe kalangu, wani lokaci ma an yanke farkon waƙar ko an jingina ta ga wani mawaƙi daban. Saurayi zai iya haddace waƙa tsaf bai san wane ne aka yi wa ita ba, alhali waƙar maroƙi rabin daɗinta na cikin sanin wanda ake wasawa.

Wani kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka ya taɓa shiga irin wannan hali, kuma yadda ya fita abin koyi ne. Ragtaim kiɗan fiyano ne da ya bunƙasa a jihar Misuri a shekarun 1890. Hannun hagu yana riƙe bugu daidai wa daida, na dama kuma yana tsallake bugun yana faɗawa tsakankaninsa, kamar yadda kuntukuru ke riƙe kari babban kalangu na yawo a kansa. Gwanin fannin shi ne Scott Joplin, wanda John Stark ya buga masa Maple Leaf Rag a garin Sedalia a 1899. Lokacin da Joplin ya rasu a 1917 kiɗan jaz ya fara danne ragtaim, aka bar shi a matsayin kayan tsofaffi.

Masu ƙaunarsa ne suka tashe shi, kuma da alƙalami suka fara. A 1950 Rudi Blesh da Harriet Janis suka fitar da littafin They All Played Ragtime, bayan sun bi tsofaffin makaɗan da suka rage sun ji daga bakinsu. Wata ƙungiya da aka kafa a Kanada a 1962 ta riƙa buga The Ragtimer. A 1967 Richard Zimmerman ya fara Rag Times a Los Anjelis, sannan Leslie Johnson ta kafa The Mississippi Rag a 1973, ta yi sama da shekara 30 tana fitar da ita. Ƙananan mujallu ne, ba masu kuɗi ba, amma a cikinsu aka tace ranakun haihuwa da rasuwa, aka jera faya-fayai, aka gyara kurakurai, aka sanar da tarurruka. Saboda haka da Joshua Rifkin ya fitar da faifan kiɗan Joplin a 1970, fim ɗin The Sting kuma ya yi tashe da kiɗan a 1973, duk wanda ya so ƙarin bayani ya tarar an tanada masa. A 1976 aka ba Joplin lambar Pulitzer, shekara 59 bayan rasuwarsa.

Hausa ma ba a zauna ba. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya ƙarar da shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ya kuma shimfiɗa hanyar nazari a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. A nan Kaduna, Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, kuma shi ya jagoranci rubuta Shata Ikon Allah, littafin tarihin da ya fito a 2006. Aiki ne na a yaba, amma yawancinsa yana cikin ɗakunan karatu na jami'o'i, Fim kuwa, kamar yadda sunanta ya nuna, harkar fim ce gabanta.

Akwai kuma giɓin da ya fi wannan girma. Joplin ya bar kiɗansa rubuce a takarda, duk wanda ya iya karanta alamomin zai buga shi yau kamar yadda aka buga a 1899. Makaɗan Hausa ba su bar irin wannan ba. Manazarta sun fi mayar da hankali ga baitoci, wato zambo da habaici da kirari, kiɗan kansa kuwa, yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata ya sa ganga ta faɗi sunan mutum, yana hannun waɗanda suka iya shi ne kawai. Idan suka tafi, kaset zai riƙe sautin, amma ba zai koya wa kowa yadda ake fitar da shi ba.

Abin da ya rage a yi bai fi ƙarfin 'yan tsirarun masu kishi ba. Ana buƙatar mujalla ta Hausa, ko a takarda ko a intanet, da za ta keɓe kanta ga wannan kiɗa, ta bi 'yan amshi da makaɗan da suka yi yawo da manyan, ta rubuta sunan kowace waƙa da wanda aka yi wa da lokacin da aka ɗauke ta. Masu tsofaffin kaset da faya-fayai a Rigasa da sauran unguwannin Kaduna kuma su daure su fito da su a kwafe, tun zaren bai lalace ba.