Wa Ya Ce Mai Ciki Ta Ci Na Mutum Biyu?

Na gaji da jin wannan magana: wai mai juna biyu sai ta ci na mutum biyu, in ta yi jiki ɗan ma ya yi jiki. Da ta ture kwano sai uwar miji ta ce, "Ke 'yar nan, cinye mana, ai ba ke kaɗai ba ce." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma a ɗakin haihuwa ake ganin abin da ta jawo.

A wata uku na farko ɗan tayi bai wuce tsawon yatsa ba. Wace malmala ta biyu yake jira? A wannan lokacin uwa ba ta bukatar ƙarin abinci ko kaɗan. Ko da ciki ya tsufa, ƙarin bai fi kamar kofin kindirmo da ƙwai ɗaya da ayaba a yini ba. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙaru da kilo 11 zuwa 16 kafin ta sauka. Wadda ciki ya same ta da ƙiba kuwa, kilo 5 zuwa 9 ya ishe ta.

Ƙiba tana jawo ciwon suga na masu ciki. Sugan da ya yi wa uwa yawa yana bi ta mabiyiya ya isa ga jariri, shi kuma ya tara shi kitse har ya haura kilo 4. Ranar haihuwa kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, ko naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai an yi aiki. Wannan jibgegen jaririn da 'yan barka ke yabawa, sugansa kan faɗi sa'o'i kaɗan da haihuwa. Ga kuma hawan jini, wanda kan kai ga jijjiga. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a ga fuska da hannuwan mace sun kumbura, a ce ciki ya karɓe ta. In da ciwon kai ko gani dishi-dishi, asibiti za a nufa a take.

Gado ma yana da hannu a ƙiba, haka ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke afawa kafin aure.

Ba a ce mai ciki ta zauna da yunwa ba, kuma kada ta taɓa shayin rage ƙiba. Ta fara awo da wuri, ba sai ciki ya fito ba. Ta nemi gwajin suga tsakanin mako 24 da 28, ta sha ƙwayar folik asid tun kafin ciki ya shiga in da hali. Lemun kwalba, cincin, soye-soye da shayi mai kauri a rage su. Wake, zogale, kifi da kuɓewa su samu wuri a kwano. Tafiyar minti 30 a rana ta wadatar in likita bai hana ba, ko da a tsakar gida ne. Maigida kuma, maimakon katan ɗin lemo, ya biya kuɗin awo, ya tanadi na mota tun kafin watan haihuwa ya kama.