Tudu Yakan Motsa Kafin Ya Zube

Manoman auduga, musamman ku masu gonaki a gindin duwatsun Mandara, ku saurara. Sau da yawa gangaren dutse ba ya zaftarewa farat ɗaya. Yakan yi watanni yana gusawa kaɗan-kaɗan, ido bai gani ba.

To, yanzu akwai na'urar da ke gani. Cikin 2014 ƙasashen Turai suka harba na farkon waɗansu taurarin ɗan'adam da ake kira Sentinel-1. Daga kimanin kilomita 700 a sama tauraron yakan aiko da igiyar rediyo, ta bugi tudu ta koma masa, kamar amsa-kuwwa. Wannan dabara ita ce rada. Gajimare ba ya tare ta, duhun dare ma haka. Bayan kwana 12 tauraron ya dawo ya sake awo. Sa'an nan masana su gwada awon farko da na biyu. Ko gusawar ba ta kai faɗin yatsa ba, sai ta bayyana.

Ran 24 ga Yuni 2017 dutse ya rufta wa ƙauyen Shinmo a ƙasar Sin, mutum fiye da 80 suka salwanta. Da aka duba awon tauraron daga baya, aka tarar gangaren ya ƙara saurin motsi makonni kafin ya zube.

Amma fa inda ganye ya yi duhu awon yakan rikice, tauraron kuwa ba kullum yake wucewa ba. Saboda haka in kun ga ƙasa ta tsage bisa gona, ko itace ya karkata, ko ruwa ya ɓullo inda dā babu, ku kwashe iyali daga gindin tudun, ku gaya wa mai gari da malamin gona a ranar nan.