Wasiƙun da Ke Komowa Ga Wanda Bai Aika Ba

Malamin makaranta ko ɗan kasuwa a Kirikasamma da Haɗejiya yakan buɗe akwatin imel, ya tarar da tarin saƙonnin da aka maido masa, alhali bai rubuta ko ɗaya ba. Musabbabin wannan fitina shi ne, ƙa'idar aikawa da aka shimfiɗa a 1982 ba ta tantance mai aikawa, saboda haka mazambaci yakan saci adireshin bawan Allah, duk wasiƙar da ta rasa mai karɓa sai ta komo kan mai adireshin.

Wajibi ne mutum ya guji taɓa abin da ke cikin waɗannan saƙonni, ya sauya kalmar sirri domin ihtiyaɗi, hukumomi kuma su kafa matakan tantance mai aikawa, wato SPF, DKIM da DMARC, gama kare mutuncin jama'a amana ce.