Hawainiya a ɗaki: abin da mai son kiwonta ya kamata ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa

A karkarar Maraɗi ko Damagaram, yaro in ya ga hawainiya a kan reshe, ko dai ya ruga ko ya nemi sanda. Wasu na cewa cizonta dafi ne, wasu kuma ba sa ganinta sai a busashe a shimfiɗar masu maganin gargajiya. Amma a Faransa, Beljiyam, Jamus da Amurka, wannan dabba da ake gudu a gida ita ce ake saye da tsada, a ajiye ta a falo. Hotunanta sun cika TikTok da Instagram, kuma ƴan Nijar mazauna can suna cin karo da ita a shagunan dabbobi, wani lokaci ƴaƴansu su matsa sai an saya.

Hawainiya ba ta da dafi. Matsalarta ita ce saurin mutuwa a hannun wanda bai san ta ba. Abu biyu ne ke raba wadda za ta yi shekaru da wadda za ta mutu cikin ƴan watanni: irin da aka zaɓa, da kuma inda aka samo ta.

Iri uku da aka fi kiwo

Akwai nau'in hawainiya sama da 200 a duniya, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska. Uku ne suka fi yawa a hannun masu kiwo.

Ta farko ita ce hawainiyar Yaman, mai dogon tozo a ka kamar hula. Asalinta ƙasar Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya. Ta fi sauran jure kuskuren mai koyo, kuma ta fi araha. Namiji kan kai santimita 60 har da wutsiya, ya rayu shekara 6 zuwa 8. Sai dai tana da fushi, ba ta son a riƙa ɗaukarta. Mace kuma tana yin ƙwai da yawa ko da ba namiji, kuma in ba a ajiye mata tukunyar ƙasa mai laima da za ta tona ba, ƙwan na iya maƙale mata har ta mutu. Shi ya sa ake ba mai farawa shawarar ya ɗauki namiji.

Ta biyu ita ce ta arewaci da gabashin Madagaska, wadda ake yi wa laƙabi da damisa. Ita ce mai launin ja, shuɗi da kore da ke ɗaukar ido a hotuna, kuma ana sayar da ita da sunan yankin da kakanninta suka fito, kamar Ambilobe, Ambanja ko Nosy Be. Ta fi ta Yaman sanyin hali, amma ta ninka ta tsada, tana kuma buƙatar laima sosai.

Ta uku ita ce hawainiyar Jakson, wadda namijinta ke da ƙaho uku. Daga tsaunukan Kenya da Tanzaniya take, kuma haihuwa take yi, ba ta saka ƙwai. Dabbar sanyi ce, dole zafi ya sauka da dare. Ɗakin da ake ɗumamawa duk hunturu a Turai yana wahalar da ita, balle zafin watan Afrilu a Yamai ko Tawa.

Ta daji da ta gida

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: a keji aka ƙyanƙyashe ta, ko daga daji aka kamo ta? Wadda aka kamo ta kan yi kwanaki cikin akwati ba ruwa ba abinci, ta iso da tsutsar ciki da ƙishirwar da ke lalata ƙoda. Ba wanda ya san shekarunta. Sau da yawa ta fi araha a shago, amma abin da aka rage a farashi likitan dabbobi ne zai karɓe shi, in ma ta kai.

Wannan ciniki ya shafi yankinmu kai tsaye. Hawainiyar Senegal, wadda ake samu a faɗin Afirka ta Yamma, tana cikin waɗanda aka fi fitarwa daga Togo, Benin da Gana zuwa Turai da Amurka, kuma an san ta da rashin daɗewa a keji. Madagaska ma ta ga illar kamun: a tsakiyar shekarun 1990 aka dakatar da fitar da yawancin hawainiyoyinta, aka bar nau'i huɗu kawai.

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, ita ce ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijar na cikinta. Yawancin hawainiyoyi na cikin jerinta na biyu, wato ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini. A kan takardar, harafin C na nufin an haife ta a wurin kiwo, W kuma daga daji take. Wanda ya saka hawainiya a jaka daga gida don ya kai Turai, jami'an duwan za su ƙwace ta, ya kuma fuskanci tara. A cikin gida ma, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji.

Yadda ake gane mai kiwon gaskiya

Mai kiwon kirki zai faɗi ranar da aka ƙyanƙyashe ta, ya nuna hoton iyayenta, ya kuma ƙi sayar da wadda ba ta kai wata uku ba. A Faransa, dokar 8 ga Oktoban 2018 ta tanadi takardar shaidar miƙa dabba tsakanin mai sayarwa da mai saye. Wanda ya ce takarda za ta biyo baya, a bar masa kayansa. Ana samun masu kiwo ta ƙungiyoyinsu da manyan kasuwanni irin ta garin Hamm a Jamus, amma ko a can sai an yi tambaya.

Lafiyayyar hawainiya idanunta a cike suke, a buɗe da rana, tana riƙe reshe da ƙarfi, ƙafafunta ba su lanƙwashe ba. Babbar da ke da tabo a jiki kuma ake sayarwa da araha, akwai alamar daga daji take.

Kuɗin sayenta shi ne ƙarami

Babban namiji na buƙatar keji mai raga, tsayinsa kamar santimita 120, faɗinsa 60, cike da rassa da ganye. Ba a haɗa biyu a keji ɗaya. Ba ta shan ruwa a kwano, sai raɓar da ke kan ganye, don haka kullum sai an fesa. Abincinta ƙwari masu rai, gyare da fara da kyankyaso, a barbaɗa musu sinadarin kalsiyam. Tana kuma buƙatar fitilar UVB, wadda ake canjawa bayan wata 6 zuwa 12, domin hasken ranar da ya ratso gilashin taga ba ya wadatar da ita. In babu wannan, ƙasusuwanta na laushi har ta kasa hawa reshe.

Launin da ake sayenta dominsa ma magana ce take yi da shi. Binciken Jami'ar Janeba na 2015 ya nuna tana rikiɗa ne ta hanyar sauya tazarar wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli a fatarta, galibi don faɗa, neman mace ko daidaita zafin jiki. Wadda ta yi duhu ta daɗe a haka, wahala take sha.

Ma'aikacin da ke fita da asuba ya dawo da dare, ko mai zuwa gida hutun wata guda ba tare da wanda zai fesa mata ruwa ba, gara ya haƙura. Wadda kuwa ke kan bishiyar garka a Madarunfa ko Mirya, tana can tana rage wa manomi fara, kuma babu kejin da zai fi mata wannan reshe.