Hawan Itace da Igiya a Ƙasar Gobir: Hanyoyin Tsare Rai

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ake hawan itatuwa a ƙasar Gobir ta gabashin Jihar Sakkwato, watau Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu irin su Burkusuma, sa'an nan a bayyana ƙa'idojin aiki da igiya. Abin da za a nuna guda ne: mai hawa ba ya dogara ga abu ɗaya tak. In hannu ya kuɓuce igiya ta riƙe shi, in igiya ta tsinke wata ta tare shi.

Dalilan hawa

A wannan yanki, inda tsohon birnin Alƙalawa yake, ba don wasa ake hawan itace ba. Abu uku ne suka fi kai mutum sama. Na farko kuka, wadda ake sassaɓe ganyenta a shanya don miyar shekara. Na biyu gawo, wanda yakan zub da ganye da damina ya tofo da rani, don haka makiyaya ke hawansa da gatari su saro wa dabbobi abinci sa'ad da ciyawa ta ƙare. Na uku zuma, wadda ake ɗiba da dare daga amyar da aka ɗora a kan reshe, da wuta a hannu.

Kowane ɗaya da irin nasa hatsari. Jikin kuka santsi gare shi, musamman bayan ruwa ko raɓa, kuma itacenta taushi ne da shi, shi ya sa turakun da ake kafa mata a taka sukan yi sako-sako. Turken bara ba abin amincewa ba ne bana. A kan gawo ƙaya ce ke sa mutum ya janye hannu ba shiri. Mai ɗiban zuma kuwa ga duhu, ga hayaƙi, ga harbi.

Lissafin faɗuwa

Masana kimiyya sun daɗe da auna gudun abin da ya faɗo. Wanda ya faɗo daga tsawon mita 6 yakan iso ƙasa da gudun kimanin kilomita 39 a awa. In mita 10 ne, gudun ya kai kilomita 50 a awa, kuma duk tafiyar ba ta cika daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Ashe ke nan gwaninta ba ta da lokacin da za ta yi aiki. Abin da aka shirya kafin a kuɓuce shi kaɗai ke ceto.

Igiya da halinta

Bahaushe ya san igiya tun fil azal. Yana tufka ta rama, da ta kaba, da ta ɓawon kuka, yana kuma yin kiri da fata. Daga baya aka sami nailan, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, da sauran igiyoyin leda da suka cika kasuwanni. Kowace da abokin gabarta. Ta rama damshi da gara ne ke cin ta, har ta ruɓe ciki alhali wajenta lafiya. Ta leda rana ce ke cinye ƙarfinta, alamarta kuwa ita ce ta koɗe ta riƙa zub da gari. Har ila yau wuta na narkar da ita nan take, abin da ya kamata mai ɗiban zuma ya sani.

A Amurka, mutuwar wani saurayi a wajen aikin datse itace ce ta sa mahaifiyarsa ta matsa har aka kafa kwamiti a 1968, aka fitar da ƙa'idojin wannan sana'a a 1972. Ƙa'idojin sun nemi igiyar hawa ta iya ɗaukar fam 5,400, watau kusan kilo 2,450. Mai sauraro zai iya tambaya, me mutum mai nauyin kilo 70 zai yi da igiya haka? Dalili uku ne. Ƙulli yakan rage ƙarfin igiya, wani lokaci har kusan rabi. Gogayya da ɓawon itace tana cin ta kullum. Sa'an nan wanda ya faɗo igiya ta fizge shi, nauyin da ke kanta a wannan lokaci ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa. Saboda haka igiyar da ta gaji da jan guga ko ɗaurin jaki ba ta cancanci a rataya mata rai ba.

Ƙa'idojin aiki

Na ɗaya, a bi igiya da hannu daga bakinta zuwa ƙarshe kafin kowane hawa, a buɗe tufkarta a duba ciki. In an ga yanka ko ƙuna ko ruɓa, a mai da ita ga wani aiki.

Na biyu, a jefa igiya ta ratsa gindin babban reshe mai rai, daidai inda ya haɗu da uwar itace, sama da wurin da za a yi aiki. A gwada ta da nauyin mutum biyu tun ana ƙasa. Kada a bar ta da sako-sako, domin gwargwadon sakinta gwargwadon fizgar.

Na uku, kada a yi wa ƙugu ɗaurin zarge, domin yana matsewa ya hana numfashi. A yi ɗamara mai faɗi wadda ta tallabi cinyoyi, da ƙullin da ba ya gudu. Akwai kuma ƙullin da Karl Prusik, mutumin ƙasar Ostiriya, ya bayyana a 1931. Siririyar igiya ake naɗawa a jikin babba, ana tura ta da hannu ta tafi, amma da nauyi ya hau kanta sai ta cije.

Na huɗu, duk mai sara ya ɗaure kansa wuri biyu: doguwar igiya daga sama, da gajeruwa wadda ta kewaye itacen da ƙugunsa, irin ta masu hawan kwakwa a Kudu. Gatari bai san igiya daga reshe ba.

Na biyar, kada a hau da gatari ko adda a hannu. A isa tukuna, a jawo su da siririyar igiya. Kada a hau babu mutum a ƙasa, shi ma ya kauce daga inda reshe zai faɗo. A cikin gari kuma, a nisanci wayar lantarki da aƙalla mita 3.

In tsautsayi ya auku

Masu ɗori suna da matsayinsu a karayar hannu da ƙafa, amma ƙashin baya da wuya ba aikinsu ba ne. Wanda ya faɗo yana kukan baya, ko ƙafafunsa sun mutu, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa, kada a zaunar da shi a kan babur. A kwantar da shi a miƙe a kan allo ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya, a kai shi asibiti. Sau da yawa ɗaukar ce ke ƙarasa lahanin da faɗuwa ta fara. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana Sakkwato, tafiya ce mai nisa daga Burkusuma, ga kuma rashin tsaron da ya tsananta a hanyoyin yankin tun wajen 2019.

Kammalawa

Wannan nisa shi ke ƙara wa maganar rigakafi nauyi. Malaman gona da na daji, da malaman makaranta, da hakimai da masu unguwanni, su ne za su iya kai wannan ilmi ga masu hawa, musamman yara, waɗanda su aka fi aikawa kan kuka don rashin nauyinsu. Kuɗin igiya biyu masu kyau bai kai na jinyar mako ɗaya ba.